Tsanani, Tsauri da Tsantseni: Tarihin Wata Gardama a Kudancin Sakkwato

Matafiyin da ya bar birnin Sakkwato ya kama hanyar Jega, kafin ya yi nisa zai wuce ta kusa da Sifawa da Boɗinga, ya ratsa ƙasar Shagari, ya isa Tambuwal. In ya saki babbar hanya ya karkata kudu, sai ya faɗa ƙasar Kebbe, inda garin Fakku yake, can gefen Jihar Sakkwato ta yau. Galibin mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya, kuma ba safai ake cin karo da sunayen ƙauyukansu a littattafan tarihi ba. Amma a bakin wannan hanya ce, tsakanin shekarar 1810 da 1815, wata gardama ta malamai ta yi ƙamari, wadda har yau ba ta kwanta ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana zaune a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi yana Boɗinga, tsakaninsu tafiya ce 'yar kaɗan, amma suka riƙa mayar wa juna magana a cikin littattafai. Abin da suke ja a kai shi ne yadda ya kamata mai iko ya riƙe jama'a: ya ja igiya ne ko ya sassauta, in kuma zai ja, a wuyan wa ya kamata ta fara kamawa.

Ba a fahimtar wannan gardama sai an fara rarrabe waɗansu kalmomi na Hausa waɗanda kunne yake ji kamar 'yan ɗaki ɗaya, alhali kuwa kowace da inda ta dosa. Mutumin Fakku zai ce fari ya yi tsanani, ko ciwo ya tsananta, ko kuwa wane yana tsananta wa iyalinsa. Tsanani nauyi ne da yake sauka a kan wani, kuma a bakin wanda ya sauka a kansa ake jin labarinsa. Tsauri kuwa halin abu ne a kan kansa: nama ya yi tsauri, ƙasa ta yi tsauri ta ƙi fartanya, watau abin ba ya lanƙwasuwa. Daga nan aka sami tsattsauran mataki da tsattsauran ra'ayi, aka kuma sami tsaurara tsaro a ƙofar gari. Takura asalinta maganar wuri ce, kamar yadda baƙo yake takurewa a lungun ɗaki. Wanda aka takura wa an rage masa filin motsi ne, ko da ba a taɓa lafiyarsa ba. Matsi da ƙunci ma daga nan suka fito. Tsantseni shi ne ya fita daban. Mai tsantseni ba ya cin abin da bai san asalinsa ba, ba ya karɓar kyautar da yake shakkar dalilinta, ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba. Dukan sauran kalmomin suna fuskantar waje, shi kaɗai ne yake fuskantar mai shi. Ana iya samun mutum mai tsantseni ƙwarai wanda bai taɓa tsananta wa kowa ba, ana kuma samun mai tsananta wa na ƙasa da shi wanda ba shi da tsantseni ko na anini.

Wannan rarrabewa ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Mai koyon harshen mutanen Japan yakan sha wuya a daidai wannan gaɓa. Suna da kalmarsu ta gado, kibishii, wadda take aiki kamar tsanani: ana faɗinta ga malamin makaranta, ga hunturu, ga halin rayuwa. Sa'an nan, bayan rubutun Sin ya shiga ƙasarsu wajen ƙarni na 5, sai suka aro waɗansu kalmomi da ake rubutawa da harafi ɗaya da waccan, kowace ta ɗauki yanki guda. Genkaku ana faɗinta ga uba ko alƙali wanda ba ya ɗaga ƙafa a kan ƙa'ida da ɗa'a. Genmitsu ta shafi bin diddigi a ma'ana ko a bincike, yadda ba a bar wani saƙo ba a duba ba. Genjuu ta tsaro ce da gargaɗi, daidai da tsaurarawa. Akwai kuma kitsui, wadda ake faɗi ga takalmin da ya matse ƙafa da aikin da ya matse mutum, kamar dai matsi a Hausa. Abin lura a nan shi ne yadda harshe yake da kalmarsa mai faɗi, sa'an nan ya je gidan ilmi ya aro masu kaifi. Haka Hausa ta yi da Larabci. Daga can ta samo adalci da zalunci da hukunci da haddi da bidi'a da taƙawa, kuma malaman zaure, masu fassara littattafan fiƙihu kalma bayan kalma, su ne suka daidaita kalmomin gida da na aro: inda littafi ya ce wara'i sai su ce tsantseni, inda ya ce tashdidi sai su ce tsanantawa, inda ya ce rukhsa sai su ce rangwame ko sauƙi.

Tun farkon wa'azinsa, wajen shekarar 1774, Shehu ya sami kansa tsakanin wuta biyu. A gefe guda ga sarakuna da malamansu na fada masu sako-sako da addini, a ɗaya gefen ga waɗansu almajirai da suka sha ilmin tauhidi ya bugar da su. Waɗannan almajirai sukan tare talaka su yi masa tambayoyi a kan siffofin Ubangiji da hujjojinsu na hankali; in ya kasa amsawa yadda littafi ya tsara, sai su ce ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Shehu ya yi musu raddi a littattafai masu yawa, yana nuna cewa shari'a tana hukunci ne da abin da ya bayyana, zuciya kuwa mai ita da Mahaliccinsa suka san abin da ke ciki. Har da malaminsa da yake girmamawa ƙwarai, Malam Jibrilu ɗan Umaru, sai da ya saɓa masa. Malam Jibrilu yana ganin waɗansu manyan zunubai, kamar auren mata fiye da huɗu da cin dukiyar marayu da cuɗanyar maza da mata, suna fitar da mutum daga Musulunci. Shehu ya rubuta Shifa'ul Galili don ya warware wannan magana, ya tsaya a kan cewa saɓo saɓo ne, ba ya zama kafirci sai in mai yinsa ya halatta shi. A gabatarwar Ihya'us Sunna, wanda ya rubuta wajen 1793, ya yi gargaɗi kada a mai da littafin makamin tonon asirin mutane da bin aibinsu.

Abin da ya kamata ɗalibin tarihi ya riƙe shi ne, a wannan zamani Malam Abdullahi yana tare da yayansa ƙafa da ƙafa. Sa'ad da suke yawon wa'azi a ƙasar Zamfara cikin shekarun 1780, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki Shehu saboda mata suna halartar majalisinsa. Abdullahi aka sa ya ba da amsa, kuma hujjarsa ita ce barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni, kuma lalura tana halatta abin da aka hana. Shi da kansa ya kawo labarin a cikin Tazyinul Waraƙati. Saboda haka kuskure ne a ɗauka Abdullahi mutum ne da aka halitta da tsauri, Shehu kuma da laushi. Kowane daga cikinsu ya san inda ake ja da inda ake saki.

A ɗaya gefen kuma, irin tsananin da sarakunan Haɓe suke yi wa talakawa ba na bin doka ba ne. Littafin Kitabul Farƙi, wanda ake danganta wa Shehu, ya lissafa abubuwan da sunayensu na Hausa: jangali a kan shanu, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa da ake kai wa mai mulki kafin a sami biyan bukata, tawasa da ake karɓa a hannun mahauta, kamuwa da ake yi wa dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki. Marubucin bai zargi sarakunan nan da tsayawa a kan ƙa'ida ba. Laifinsu shi ne ba su da ƙa'idar da ta wuce son ransu, ga su kuma da sassauci ga duk wanda ya kawo abin hannu. Sunan wannan zalunci. Dokokin da Sarkin Gobir Nafata ya kafa a ƙarshen ƙarni na 18, na hana kowa wa'azi sai Shehu, da hana wanda bai gaji Musulunci ba shiga cikinsa, da hana rawani da lulluɓi, su kuwa takura ce tsantsa: ba a kashe kowa da su ba, an dai toshe wa jama'a hanyar numfashi. Da takurar ba ta yi aiki ba sai aka koma ga takobi. An auka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami da ke kusa da Jega, a ƙarshen 1803. A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. A watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto.

Nasara ce ta kawo saɓanin. An ci Birnin Kebbi a 1805, aka kafa sansani a Gwandu, ganima ta fara shigowa. Amma malamai da mahaddata da yawa, waɗanda aka fara tafiyar da su, sun riga sun kwanta a Tsuntsuwa da Alwasa, waɗanda suka cike gurbinsu kuwa ba duka ne suka zo don abin da aka fita dominsa ba. Abdullahi ya duba ya ga dawaki na ƙawa, da riguna masu tsada, da tara ƙwaraƙwarai, da rububin muƙamai, da alƙalai masu karɓar toshiya. Wajen shekarar 1807, ana cikin tafiya yaƙi, sai ya sulale daga runduna da 'yan mutane kaɗan ya nufi gabas, da niyyar ya tafi Makka ya bar ƙasar baki ɗaya. A nan ne ake ganin amfanin rarrabe kalmomi. Abdullahi yana da iko a hannunsa, shi ne wazirin Shehu kuma jagoran yaƙi. Da tsanani ne halinsa, da bulala zai ɗauka. Abin da ya yi shi ne ya tsame kansa daga abin da yake ƙyama, kamar mai ture akushin da ya ga ƙuda a ciki. Wannan tsantseni ne.

Mutanen Kano ne suka tare shi suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, daga baya ya koma gida. Wanda ya duba abin da littafin ya ƙunsa zai ga yawancin nauyinsa a kan masu mulki ya sauka: yadda ake zaɓen shugaba, abin da ya halatta ya karɓa da abin da bai halatta ba, iyakar da aka yi masa a kan dukiyar jama'a. Igiyar Abdullahi a wuyan sarki take fara kamawa.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a watan Oktoba na 1808, sai maganar ta fito fili a rubuce. A wannan shekara Shehu ya rubuta Misbahu, inda ya sassauta a kan waɗansu mas'aloli. Abdullahi ya mayar da martani a littattafansa, musamman Liya'us Sulɗani na 1812, Shehu kuma ya sake amsawa a Najmul Ikhwani a wannan shekarar, yana Sifawa. Mas'alolin da aka ja a kansu, in an ji su yau, sai a ga kamar ƙanana ne. Ta farko ita ce suna: shin ya halatta a kira shugaban Musulmi da laƙabin mulki da sarauta irin na sarakunan da aka kayar? Abdullahi ya ƙi, domin a ganinsa sarauta aba ce da ake gado kuma ake ƙwata da ƙarfi, in sunan ya dawo halin ma zai biyo shi. Shehu ya ce waɗannan laƙabobi duka sun zo a cikin shari'a, yabo da zargi kuwa a kan aikin mutum suke, ba a kan abin da ake kiransa ba. Ta biyu ita ce sa tufafin alharini da adon zinariya da aka samu a ganima. Shehu ya ga babu laifi a sa su na ɗan lokaci don bayyana ni'imar Allah, ya kafa hujja da labarin Suraƙa, sahabin da Halifa Umaru ya sa wa warwaron Kisra sarkin Farisa. Abdullahi ya ce wannan abu ne da aka yi sau ɗaya don tabbatar da bushara da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mutumin, ba ƙofa ce da aka buɗe wa kowa ba. Ta uku ita ce kaɗe-kaɗe da bushe-bushe, inda Shehu ya nuna cewa tun da akwai malaman da suka halatta waɗansu daga ciki, bai kamata a yi wa mai yinsu hukuncin wanda ya saɓa wa abin da aka haɗu a kansa ba.

Gindin maganar Shehu ke nan. Addini sauƙi ne, saɓanin malamai rahama ne, kuma ba a tilasta wa jama'a ra'ayi ɗaya a inda magabata suka rabu biyu. Bai hana kowa tsantseni ba. Hasali ma ya ce barin abin da aka yi saɓani a kansa shi ya fi. Abin da ya hana shi ne mutum ya ɗauki tsantsenin da ya zaɓar wa kansa ya mai da shi doka a kan wasu, domin a daidai wannan lokaci ne tsantseni yake rikiɗa ya zama tsanani. Shehu yana kallon daula ce sabuwa, mai faɗi, cike da mutanen da jiya-jiya suka shigo, waɗanda in an ce kome haramun ne za su watse, ko kuwa su koma kafirta juna. Yana kuma da wasiƙun Shehu Muhammadu El-Kanemi na Barno a gabansa, wanda yake tuhumar masu jihadi da cewa sun mai da saɓo kafirci don su halatta wa kansu yaƙar Musulmi, kamar yadda Muhammadu Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri. Abdullahi kuwa yana kallon wani abu dabam: ya san cewa rangwamen da aka yi don talaka, mai doki ne yake fara hawansa.

Wanda zai yi adalci sai ya ce kowannensu ya hango gaskiya. Daular ta zauna kusan shekara ɗari, kuma da wuya ta yi haka da an bi ta da tsauri a kan kowace mas'ala. Amma abin da Abdullahi ya ji tsoro bai bar kome ba sai da ya faru. Sarautu irin su Galadima da Madawaki da Ciroma sun dawo, tambari da kakaki sun koma ƙofar fada, mulki ya zama na gado a gidaje sanannu, kuɗin ƙasa da gaisuwa suka sake tsiro da sunayensu na da. Shehu bai ɗauki ƙanensa a matsayin abokin gāba ba. A cikin Najmul Ikhwani ɗin nan ne ya shawarci almajirai su karanta littattafan Abdullahi domin shi mai kiyaye zahirin shari'a ne, su karanta na Bello domin shi mai kula da ilmin siyasar al'umma ne, su karanta nasa domin yana ƙoƙarin riƙe ɓangarorin biyu. A wannan shekara ta 1812 kuma ya raba aikin tafiyar da ƙasa, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello.

Kudancin Sakkwato ya ga yadda aka gwada wannan a aikace. Bayan rasuwar Shehu a watan Afrilu na 1817, Abdussalami, mutumin Gimbana, ya yi tawaye daga Kware, yana kukan an tauye shi a rabon ƙasa kuma ana cin dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba. Bello ya yi ta aika masa wasiƙu kafin ya ɗaga tuta, ya kuma rubuta labarin duka a Sardul Kalami, kamar mai jin cewa sai ya kare kansa a gaban masu zuwa. An ci Kware a farkon 1818, Abdussalami ya rasu da raunin da ya samu. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu, sai da Bello ya kawo wa baffansa gudummawa aka ci garin, kuma a nan ne su biyun suka shirya bayan 'yar tsamar da gadon Shehu ta haifar. Amma ɗan Abdussalami, Buhari, da ya miƙa wuya ba a bi shi da laifin uba ba. An bar shi ya kafa Jega, wadda ta zama babbar kasuwar yankin. Wani Buharin kuma, ɗan Shehu, shi aka danƙa wa tsaron wannan gefe, ya zauna a Tambuwal, sarautar garin ta tabbata a gidansa. Ribaɗi wuri ne na tsaurara tsaro, amma ba ya zaunuwa sai an jawo manoma da makiyaya sun yarda su zauna a bayan ganuwarsa, wannan kuwa ba a samunsa da bulala. Bello da kansa, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa taushin hali da son yafewa cikin sharuɗɗan shugaba, kusa da tsoron Allah.

Zuwan Turawa a 1903 ya kawo wata irin fassara. Sun hana yanke hannu da sauran hukunce-hukuncen da suka ce sun saɓa wa tausayin ɗan Adam, suna kallon shari'ar alƙalai a matsayin mai tsanani. Amma a watan Maris na 1906, bayan mutanen Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato, sun karya wata rundunarsu sun kashe Turawa uku, sai aka koma aka shafe garin, aka kashe kimanin mutum 2,000, ba alƙali ba shaida. Babu wata kalma cikin waɗanda aka lissafa da ta isa ta ɗauki wannan. Haka kuma a ƙarƙashin En'e an tsaurara karɓar haraji da jangali fiye da yadda aka taɓa yi, domin yanzu akwai takarda da ƙidaya da ranar da kuɗi za su shiga baitulmali. Dagaci ya matsa wa mai unguwa, mai unguwa ya matsa wa talaka, makiyayi kuwa ya koyi ɓoye shanu a daji ranar ƙirga. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ba ta yi ta wani dogon zaɓen kalma ba, zalunci ta kira abin, kuma magadanta na PRP sun soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna a 1979. Shari'ar Tsoho Gubba ta 1947 ta nuna inda dokokin biyu suka yi karo: kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa bisa mazhabar Malikiyya, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin don dokar Turawa tana rangwame ga wanda aka tunzura. Rigimar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka kai ga sabon kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960.

Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin cewa maganar ba ta tsaya a zamanin rawani ba. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni. Jama'a sun yi murna, domin a karo na farko an ga igiya ta kama manya. Amma da yawa an kore su ba tare da an ji ta bakinsu ba, waɗansu a rediyo suka ji, kuma waɗanda suka tsira sun koyi darasin da ba shi aka nufa ba: kujera ba ta da tabbas, gara mutum ya tanadi abin gobe tun yana kanta. An yi tsanani don a haifar da tsantseni, sai aka rage shi. Yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 ya koya wa mutane bin layi, ya kuma sa an ga magidanta suna tsallen kwaɗo a gaban ofis saboda makara. Dokar soja mai lamba 20 ta wannan shekara ta sa an harbe mutum uku a 1985, cikinsu har da wanda laifinsa ba na kisa ba ne a ranar da ya aikata shi. Hausawa suna yabon ma'aikacin da ake ce wa ba sani ba sabo, watau wanda ƙa'idarsa ɗaya ce ga ɗan sarki da ɗan talaka, kuma suna bambanta shi sarai da wanda yake ɓoye fayil a aljihun tebur yana cewa doka ce ta hana, har sai an gaishe shi.

Misali na kusa ya faru a Jihar Sakkwato kanta. Bayan jihar ta bi sawun Zamfara ta faɗaɗa aiki da shari'a a 2000, wata kotu a Gwadabawa ta yanke wa wata mata bazawara daga Tungar Tudu hukuncin jifa a watan Oktoba na 2001, hujja kuwa ita ce cikin da ta samu. Duniya ta ɗauka da surutu, masu suka suna cewa shari'ar ta yi tsanani, masu kāriya suna cewa ba a sassauta haddin Allah don jin maganar baƙi. A watan Maris na 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta sallame ta, kuma ba da hujjar baƙi ba. Alƙalan sun duba sun ga abin da ake tuhumarta da shi ya riga ranar da dokar ta fara aiki, ba a bayyana mata tuhumar yadda za ta gane ba, ta janye iƙirarin da aka ce ta yi, kuma a mazhabar Malikiyya ciki yana iya kwanciya shekaru, saboda haka ana iya jingina shi ga tsohon mijinta. Ƙa'idar da suka bi tsohuwa ce a fiƙihu, cewa shubuha tana tunkuɗe haddi, kuma tana cikin littattafan da aka karantar a zaurukan Sifawa da Boɗinga. Kotun farko ta gaggauta zuwa ga hukunci mafi nauyi. Ta biyu ta bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ta ƙi sa hannu a kan jinin da take shakka. Jaridu da yawa na lokacin sun rubuta cewa kotun sama ta sassauta, alhali ita ce ta fi ta ƙasa bin nassin littafi sau da ƙafa.